Rigar ruwa: ta kaki ko ta roba?

Dogo-Dogo tana kudancin jihar Damagaram, bakin iyaka da Najeriya. Da can tana cikin gundumar Magarya, daga 2011 ta koma gundumar Dungas. Wannan yanki yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duk jihar. A shekara ana samun kamar milimita 500 zuwa 600. Milimita 1 yana nufin lita 1 ta ruwa ta zuba a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Kusan duk wannan ruwa a cikin wata huɗu yake sauka, daga Yuni zuwa Satumba, mafi yawansa a Agusta, lokacin malka.

Ruwan damana ba ya sallama. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, kafin a ankara ya goce kamar da bakin ƙwarya. Manomi yana iya rugawa bukka. Amma makiyayi ba shi da halin barin dabbobi kusa da gonakin mutane ya tafi neman mafaka. Ɗan kabu-kabu da ya ɗauko fasinja daga kasuwa dole ya kai shi gida. Mai amalanke kuma hankalinsa yana kan buhunan hatsin da ya ɗora, don in suka jiƙe sun lalace. Waɗannan mutane suna bukatar abin da zai tsare su daga ruwa, kuma da guminsu za su saye shi.

Tun kafin a yi daran aka yi kwandi. Mutanen da suna da malafa da kabido, waɗanda ake saƙawa da kaba. Kabido yana rufe kai da baya, ruwa ya bi ta kansa ya gangare ƙasa, kamar yadda yake gangarewa daga jinkar ɗaki. Yanzu an fi ganin wani ya ninke buhun taki ya kifa a ka, wani ya huda babbar leda ya zura wuya, wani kuma ya sayo rigar ruwa a kasuwa. Rigunan ruwan da ake ɗinkawa a duniya iri biyu ne manya. Akwai na ƙyallen auduga da aka shafa wa kaki. Akwai kuma na zaren roba da ake yi a masana'anta.

Me ya sa ƙyalle yake jiƙewa?

In aka ɗaga ƙyalle saitin rana, za a ga haske yana ratsowa ta ƴan ƙananan ƙofofi. Masaƙi yana gicciya zare a kan zare ne, kuma komai ƙwarewarsa sai an sami kafa a tsakani. Ta nan ruwa yake shiga.

Ba kafar kaɗai ba ce. Ita kanta auduga, wadda ake kira kaɗa, tana son ruwa. Tana jan shi kamar yadda lagwani yake jan kananzir daga gindin fitila zuwa sama. Shi ya sa in bakin zane ya taɓa ruwa, lemar take hawa a hankali har ta kai inda ruwan bai taɓa ba. Auduga tana da wani hali kuma. In ta sha ruwa zarenta yana kumbura, kafofin saƙa su matse. Ƙarfinta ma yana ƙaruwa in tana jiƙe. Saboda haka ƙyalle mai kauri da aka saƙa da matsi yana iya tare yayyafi na ɗan lokaci ko ba a shafa masa komai ba.

To, yaya za a hana ruwa wucewa? Agwagwa ta riga mutum sanin dabara. Tana da wani wuri mai maiƙo a gindin wutsiyarta. Da baki take lakato maiƙon ta shafe gashinta, shi ya sa take fitowa daga tabki ta girgije kamar ba ta shiga ba. Ganyen tumfafiya ma haka ne. In aka ɗiga masa ruwa sai ruwan ya dunƙule ya mirgine, domin akwai wani farin kaki a kansa. Ruwa ba ya jituwa da mai ko kaki. Dabara ta farko ke nan: a shafe zaren da abin da ruwa ba ya so. Dabara ta biyu ita ce a lulluɓe ƙyallen duka da fatar roba wadda ba ta da kafa ko ɗaya.

Ƙyallen kaki

Asalin wannan ƙyalle daga teku yake. Jiragen ruwa na da ba su da inji. Manyan ƙyallaye ake ɗaura musu, iska ta tura su. Ma'aikatan jiragen Birtaniya suna shafa wa waɗannan ƙyallaye mai, in suka tsufa kuma su yanka su yi mayafin da zai kare su daga ruwa da iska. Man da aka fi amfani da shi ana tatsarsa daga ƙwayar tsiron da ake saƙa lilin da zarensa. Yana da aibi biyu: yana mai da ƙyalle rawaya, kuma in aka yi sanyi sai rigar ta sandare kamar busasshiyar fata.

A 1894 wani mutum mai suna John Barbour ya buɗe kanti a garin South Shields, a bakin teku a arewacin Ingila. Yana sayar wa masunta da ma'aikatan jirgi irin waɗannan riguna masu mai. Wajen shekarun 1930 aka koma shafa wa auduga kakin farafin, irin wanda ake yin kyandir da shi. Wannan ya fi laushi, kuma ba ya sandarewa kamar man da. A 1936 kamfanin Barbour ya fito da kayan kaki na masu hawan babur. Manoma da makiyayan tumaki na can su ma suka karɓe shi. Har yau kamfanin yana ɗinka rigunan kaki a wannan gari, kuma mai tsohuwar riga yana iya mayar da ita a sake shafa mata kaki a gyara inda ta yage.

A lura da abu ɗaya. Mutane da yawa suna zaton rigar kaki duk daga gona ta fito. Audugar dai daga gona take. Amma kakin farafin daga ɗanyen man fetur ake cire shi. In an yi amfani da kakin zuma kuwa, za a iya cewa ba ruwan rigar da rijiyar mai.

A nan wani yaro zai iya tambaya: atamfar da ƴan kasuwa suke kira wakis fa, ba kaki ke nan ba? Don me ruwa yake ratsa ta? Gaskiya ne sunan daga kaki ya samo asali. Amma aikin kakin a nan dabam ne. Ana buga shi a kan farin ƙyalle don ya hana rini kama wasu wurare, kamar yadda marini yake ɗaure ƙyalle da zare kafin ya tsoma shi a baba. In rinin ya kama sai a wanke kakin a fitar da shi. Dabarar ta mutanen tsibirin Jawa ce, a ƙasar Indunusiya. Turawan Holan suka koya suka mai da ita aikin inji. Kamfanin Vlisco na garin Helmond, wanda atamfarsa ake kira holan a kasuwa, tun 1846 yake. Atamfa dai kayan ado ce. Wanda ya yafa ta cikin malka zai jiƙe sharkaf.

Ƙyallen roba

Roba ta asali ƙaron wani itace ne na dajin Amazon, a Amurka ta Kudu. Mutanen wurin sun daɗe suna shafa shi a ƙyalle don ya tare ruwa. A 1823 Charles Macintosh, wani masani na birnin Gilasgo, ya narkar da roba ya manna ƙyalle biyu da ita, robar tana tsakiya. Ruwa bai ratsa ba. Sai dai rigar tana wari, da zafi ta yi danƙo, da sanyi ta ƙage. Charles Goodyear na Amurka ya gano cewa in aka dafa roba da farar wuta ba ta ƙara yin haka, ya kuma sami takardar mallakar dabarar a 1844.

Daga baya masana suka koyi yin zare daga sinadaran da ake samu a gawayin ƙasa da man fetur. An yi leda a Ingila a 1933. An yi nailan a Amurka a 1935, a kamfanin DuPont. An yi foliyesta a Ingila a 1941. Ɗanyen mai irin wanda ake haƙowa a Agadem, ake tacewa a matatar SORAZ ta arewa da Damagaram tun 2011, shi ne asalin yawancin kayan roba na yau, ko da yake a wasu ƙasashe ake sarrafa su.

Zaren nailan da na foliyesta ba sa shan ruwa kamar auduga. Amma in aka saƙa su, kafar saƙa tana nan. Saboda haka sai an shafa wa cikin ƙyallen wata siririyar fatar roba. Wasu rigunan kuma ba saƙa a cikinsu sam, falle ne na roba mai kauri da ake kira PVC, an yanka an liƙe. Irin waɗannan su ne masu sheƙi, masu nauyi, da aka fi gani jikin masu babur.

Ruwan da ke fitowa daga ciki

Ga inda maganar take da wuya. Ruwa biyu ne suke jiƙa mutum: na sama da na jikinsa. Mai aiki cikin zafi yana iya yin zufa lita 1 cikin awa ɗaya, wani lokaci ma fiye. Zufa ba banza take fitowa ba. In ta bushe daga fata tana tafiya da zafin jiki, mutum ya ji sanyi.

A dubi randa da jarka. Randar ƙasa tana da ƴan kafofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Jarkar roba ba ta tsattsafo, ba ta kuma sanyaya ruwa. In ta wuni a rana, ruwan cikinta ya isa wanka da hunturu. Mutumin da ya sa matsattsiyar rigar roba ya kama noma ko tafiya mai nisa ya zama jarka. Ruwan sama bai taɓa shi ba, amma in ya tuɓe za a tarar taguwarsa ta jiƙe da gumi, jikinsa ya yi zafi, ƙarfinsa ya ragu. Wani ma sai ya ce rigar tana yoyo, alhali kuwa zufarsa ce.

Rigar kaki ta ɗan fi ta PVC a nan, domin tururin jiki yana samun ƴar hanya tsakanin zare da zare. Amma kada a zuzuta abin. In kakin ya yi yawa har ya toshe kafofin, ita ma tana riƙe gumi. In kuma ya yi kaɗan, ruwan sama mai ƙarfi yana ratsa ta, musamman a kafaɗa da gwiwar hannu, inda ƙyalle yake yawan lanƙwasa. Abin da ya hana wannan ruwa shiga, shi ne yake hana wancan fita.

Masana sun daɗe suna neman ƙyallen da zai yi aikin biyu. A 1969 wani Ba'amurke mai suna Bob Gore ya ɗumama wata irin roba ya fizge ta da sauri. Maimakon ta tsinke sai ta miƙe ta zama tantani mai kafofi masu ɗimbin yawa. Ɗigon ruwa ya fi kafofin girma nesa ba kusa ba, saboda haka ba ya shiga. Tururi kuwa ya fi su ƙanƙanta, yana fita. Ana manna wannan tantani a cikin ƙyallen nailan ko foliyesta. Sunansa Gore-Tex, kuma an fara sayar da kayansa a 1976. Masu hawan duwatsu da sojoji suna sa shi.

To, an huta ke nan? A'a. Tururi yana fita da kyau ne in cikin riga ya fi waje ɗumi da laima. A ƙasar sanyi haka abin yake. A Dogo-Dogo kuwa, ranar malka, waje ma ɗumi ne da laima, saboda haka tururin ba ya samun abin da zai tura shi waje sosai. Ga tsada: sabuwar riga ɗaya tana iya cin kuɗin buhunan hatsi. Ga kuma wata damuwa. An daɗe ana amfani da wasu sinadarai wajen yin irin waɗannan riguna, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa. A 2019 ƙasashen duniya suka sa ɗaya daga cikinsu, mai suna PFOA, cikin jerin abubuwan da za a daina yi.

Kowace riga da ƙasarta

A Gilasgo ana ruwa sama da kwana 150 a shekara, kuma ko a watan Yuli zafin rana wajen digiri 20 yake tsayawa. Don irin wannan ƙasa aka yi rigar kaki. Tana da kauri, tana tare iska mai sanyi, ana sa ta kusan kullum. A jihar Damagaram kuwa zafi yana wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu. Kakin farafin yana narkewa tsakanin digiri 46 da 68, gwargwadon irinsa, kakin zuma kuma wajen digiri 62 zuwa 64. Tun kafin ya narke yake yin laushi. Rigar da aka rataye a ɗakin kwano da bazara za ta yi maiƙo, ta ɓata kayan da ke kusa da ita. Da hunturu kuma ƙura ta manne mata.

Ga shi ba a wanke ta da sabulu ko omo ko ruwan zafi, don za su cire kakin. Sai dai a goge ta da tsumma da ruwan sanyi. Tana bukatar a sake shafa mata kaki kamar sau ɗaya a shekara. Nauyinta yakan wuce kilo 1, kuma in ta jiƙe tana daɗewa ba ta bushe ba. Ta nailan kuwa ana iya ninke ta a sa a jakar makaranta, kuma ana shanya ta ta bushe.

Amma akwai inda ta kaki ta yi zarra. Daji a nan ƙaya ne: ga aduwa, ga magarya, ga ƙarangiya. Ƙyallen auduga mai kauri yana jure ƙaya. In ma ya yage, kowane tela yana iya yi masa faci, a goga kyandir a kan ɗinkin, ya koma aiki. In ana kula da shi yana kai shekaru masu yawa. Siririyar rigar roba kuwa ƙaya ɗaya ta ishe ta. In aka ɗinke ta da allura, kowane rami da allurar ta huda ya zama ƙofar ruwa. Shi ya sa a masana'anta ake liƙa wani ƙyallen roba a bayan kowane ɗinki. Mai saye ya juya rigar ya duba. In bai ga wannan liƙi ba, ta kafaɗa ruwa zai fara shiga. Mai facin taya yana iya liƙe rigar PVC, amma facin ba ya daɗewa a inda take lanƙwasa.

Rana ma abokiyar gabar roba ce. Kowa ya ga yadda buhun taki yake zama gari in ya shekara a kan danga. Haka hasken rana yake cin nailan a hankali. In kuma aka ninke rigar tana da lema aka ajiye a wuri mai zafi, fatar robar da ke ciki tana yin danƙo ta saɓule. Rigar kaki ita ma in aka ajiye ta da lema sai ta yi fumfuna. Duka biyun a inuwa ake shanya su, su bushe sarai, sannan a ajiye.

Wuta fa? Babu wadda ta tsira. Rigar kaki auduga ce da kaki, wato lagwani da kyandir, in ta kama tana ci da sauri. Ta roba kuwa narkewa take yi ta manne a fata, ƙunarta tana da wuyar warkewa. Wanda ya shigo daga ruwa yana rawar ɗari ya tuɓe rigar ruwa tukuna kafin ya matsa kusa da murhu. Kada kuma a bar ƙaramin yaro ya kifa leda a kansa har ta rufe hanci da baki. Tana manne wa fuska ta hana numfashi.

In riga ta ƙare, ina za ta? Auduga tana ruɓewa, gara ma tana cin ta. Roba ba ta ruɓewa, sai dai ta yi ta kakkaryewa tana yawo a gona. Akuya ko saniya ta haɗiye ta, ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ramewa ba a san dalili ba. Mahauta sun sha fito da leda daga cikin dabbobi. In aka ƙona PVC, hayaƙinta guba ne. A 2014 Nijar ta yi dokar hana shigowa da ƙananan ledoji marasa kauri da sayar da su, amma har yanzu ga su nan maƙale a kan ƙaya a bakin kowace kasuwa. Dokar ba ta shafi rigar ruwa ba, sai dai yagaggiyar rigar roba da aka yar ita ma can take ƙarewa.

Wa ya dace da wace?

Ɗan kabu-kabu yana zaune ne, ba ya motsa jiki sosai, kuma gudun babur yana buga masa ruwa da ƙarfi a ƙirji da cinya. Shi roba ce ta dace da shi, riga da wando, mai kauri, mai liƙaƙƙen ɗinki. Ya nemi mai launi mai haske, don masu mota su hango shi cikin duhun hadari. Ya kuma kula kada bakin rigar ya yi tsawon da zai shiga taya.

Ɗan makaranta da ke zuwa daga ƙauyen da ke kusa, shi mara nauyi yake so. Wadda ta fi ita ce mai faɗi, mai kama da buɗaɗɗen mayafi da ramin wuya a tsakiya. Tana rufe shi har da jakar littattafai, iska kuma tana shiga ta ƙasa da gefe ta kwashe gumi. A ƙasa mai zafi, yadda aka yanka riga yakan fi irin ƙyallenta muhimmanci. Babbar riga ta Bahaushe ma don haka aka yi ta da faɗi.

Makiyayi yana wuni cikin ƙaya, yana tafiya, yana gumi. Ƙyallen kaki zai jure masa ƙayar, amma zai dafa shi. Siririyar roba ba za ta kai masa ƙarshen damana ba. Idan aka auna da kyau, kabido bai tsufa ba. Ba ya manne wa jiki, iska tana zagayawa ta ƙarƙashinsa, kabarsa a daji take, in ya lalace kuma ya zama taki. Aibinsa shi ne ba ya ninkuwa, kuma in iska ta juyo da ruwa ta gaba ba ya tarewa. Mai amfani da buhu kuma ya tabbata ya wanke shi sosai, kada ya taɓa kifa wanda aka zuba maganin ƙwari a ciki.

Inda ƙyallen auduga mai kaki ko mai ya fi amfani a wannan ƙasa shi ne tampol. Kaya ba sa jin nauyi, ba sa jin zafi. Lokacin da ake tara dalar gyaɗa a Kano, da tampol ake lulluɓe buhunan. Hatsi da gyaɗa su ma suna fitar da laima. In aka naɗe su da leda ruf a rana, laimar tana taruwa a cikin ledar ta ɗigo musu, su yi fumfuna. Mai amalanke da ya rufe kaya da tampol na roba ya yaye shi da zarar ruwa ya ɗauke.

A gwada a aji

A samo gwangwani huɗu da ƙyallaye huɗu masu girma ɗaya: farin ƙyallen auduga guda biyu, guntun atamfa, da guntun tsohuwar rigar ruwa ta roba. A goga wa ɗaya daga cikin fararen kyandir gaba da baya. Malam ya ɗora masa takarda ya bi da dutsen guga mai ɗumi har kakin ya shige cikin zare. Yara kada su narka kyandir a wuta da kansu.

A rufe bakin kowane gwangwani da ƙyalle ɗaya, a ɗaure, a ɗan danna tsakiya ya lotsa. A zuba ruwa cokali uku a kan kowanne. A duba bayan minti 1, da minti 10, da awa 1, a rubuta abin da aka gani. Sannan a murtsuke ƙyallen kakin a hannu sau 20 a sake gwadawa.

Gwaji na biyu na tururi ne. Malam ya zuba ruwan zafi a gwangwanayen, a sake rufe su da busassun ƙyallaye, a kifa madubi a kan kowanne na minti 1. Madubin da ya yi hazo, tururi ya ratsa ƙyallensa.

Lissafi

A ce rigar roba mara kauri jika 2 ce, tana yin damana ɗaya. Mai kauri jika 6 ce, tana yin damana huɗu. Nawa mai sayen kowace zai kashe cikin shekara 8? Yagaggun riguna nawa kowannensu zai yar? Hausawa suna cewa araha ba ta ado. Shin lissafin ya yarda da su?

Tambayoyi

1. Don me auduga take jiƙewa, gashin agwagwa kuwa ba ya jiƙewa?
2. Ina kakin atamfa yake tafiya?
3. Mutum ya sa rigar roba mara huji ko ɗaya, amma ya iso gida taguwarsa a jiƙe. Daga ina ruwan ya fito?
4. A tambayi wani dattijo a gida yadda ake saƙa kabido, da kwana nawa saƙar take ɗauka. A zana hotonsa a kawo aji.